Darasi: Alhakin Mai Gini Idan Wani Ya Ji Rauni a Cikinsa

A manyan birane, inda jama'a ke shiga da fita a benaye da shaguna da gidajen haya dare da rana, matakala guda da ta tsage ko wayar lantarki da aka bari tsirara tana iya nakasa mutum har ƙarshen rayuwarsa. Shi ya sa dokokin ƙasashe da yawa suka ɗora wa mai iko da wuri nauyin kare masu shigowa cikinsa. Mai iko ba lallai ne ya zama wanda takardar mallaka ke hannunsa ba, domin ɗan haya ne ke da iko da ɗakinsa ko shagonsa, amma matakala da farfajiyar da kowa ke bi galibi suna wuyan mai gida.

Abin da kotu ta fi bincikawa shi ne sani. Shin mai wurin ya san da haɗarin, ko kuwa da ya riƙa duba wurinsa kamar yadda mai hankali ke yi, da ya gano shi? Idan ya sani, ya sami lokacin gyara, amma bai gyara ba, bai kuma yi gargaɗi ba, to diyya tana iya hawa kansa. A shekarar 1968, kotun ƙoli ta jihar Kalifoniya a Amurka ta saurari ƙarar wani baƙo da mariƙin famfo ya fashe ya yanke masa hannu a gidan wata 'yar haya. Matar ta san mariƙin ya tsage, har ta kai kuka ga mai gida, amma ba ta faɗa wa baƙonta ba, kuma kotun ta ce wannan shirun ya isa a ci gaba da shari'a a kanta. A ganina wannan hukunci ya yi daidai, domin kalma ɗaya daga bakinta da ta ceci hannun mutumin.

Sha'anin yara ya fi tsanani, tunda yaro ba ya karanta allon gargaɗi, kuma abin da babba ke gudu shi ne ke jan hankalinsa. Dokar Ingila ta 1957 ta faɗa ƙarara cewa mai wuri ya sa a ransa yara ba za su yi hattara kamar manya ba. Rijiya ko ramin gini yana buƙatar murfi ko shinge, ba rubutu kaɗai ba.

Idan wanda ya ji raunin ma ya yi sakaci, akan rage masa diyya gwargwadon laifinsa.

Duk wanda tsautsayi ya rutsa da shi, ya fara zuwa asibiti ya adana takardun magani, ya sa a ɗauki hoton wurin kafin a gyara shi, ya kuma rubuta sunayen shaidu. Sannan ya nemi lauya da wuri, saboda doka tana yanke wa'adin shigar da ƙara. A Ingila wa'adin ƙarar rauni galibi shekara 3 ne.