Kafin ku ƙwace wayar yaro

Iyaye, kafin ku ƙwace wayar yaro don ya cika kallo, ku zauna tare ku duba inda lokacinsa yake tafiya. A Android ku nemi Digital Wellbeing cikin saituna, a iPhone kuma Screen Time. Za ku ga kowace manhaja da awannin da ta cinye.

Babban ɓarawon lokaci shi ne bidiyon da ke kunna kansa da zarar wani ya ƙare; a YouTube akwai maɓallin kashe shi a jikin bidiyon. TikTok kuwa tun 2023 ya sa wa 'yan ƙasa da shekara 18 iyakar minti 60 kullum, amma fa sai in yaron bai ƙara wa kansa shekaru wajen rajista ba.