Yadda Za A Tunkari Maigidan Da Ya Ƙi Rigakafin Shan Inna

Masu aikin rigakafi, kafin ku yi sallama, ku san inda ƙin ya samo asali. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano da yara kusan 200, 11 suka rasu. A 2003 jita-jitar cewa rigakafin shan inna yana hana haihuwa ta haɗu da fushin yaƙin Iraƙi da zaman doya da manja tsakanin Kano da gwamnatin tarayya. Kano ta dakatar da aikin har Yulin 2004, sai da aka kawo magani daga Indunusiya. Don haka kada ku ɗauki maigida jahili.

Ku fara da mai unguwa. Mata su shiga cikin gida, namiji ya tsaya a zaure.

Tambayar da ta fi zafi ita ce: "Me ya sa wannan kyauta ne har ƙofa, amma maganin zazzaɓi sai da kuɗi?" Ku ce, "Alhaji, gaskiyarka," sannan ku bayyana cewa shan inna ba ta da magani in ta kama, sai rigakafi. Musu a nan ɓata aiki yake.

Ku nuna masa kwalbar rigakafin. Murabba'in da ke cikin da'irar tambarin da ke jikin kwalbar dole ya fi da'irar haske. In sun zo ɗaya, zafi ya lalata maganin, a ware shi. Ɗigo 2 ne ga duk yaron da bai kai shekara 5 ba, sai a shafa tawada a ƙaramin yatsa.

In ya dage, kada a kira 'yan sanda. A rubuta gidan, a dawo da liman.