Sauya ruɓaɓɓen ɗakin ajiya na lambu: aikin daga ƙasa yake farawa

Kafin ka ɗaga guduma, tabbatar ɗakin ya mutu da gaske. Ɗauki sukudireba ka soka a gindin kowane ginshiƙi da katakon da ke kwance a ƙasa. Idan ta tsaya cak, yoyon rufi ne kawai ko katako ɗaya biyu, gyara ya isa. Idan kuwa ta nutse ba wuya, ko ka ga hanyar gara ta haura ciki, kada ka ɓata kuɗin fenti. Ɗakin katako daga gindi yake lalacewa, domin danshin ƙasa ne ke cin sa.

Rushewa daga sama ake farowa. Kwashe kaya, in akwai wayar lantarki mai gyaran wuta ya cire ta, sannan a cire gilashi da ƙofa, sai rufi, sai bango ɗaya bayan ɗaya, wani na riƙe wani na kwancewa. Sa safar hannu da takalmi mai kauri saboda tsofaffin ƙusoshi. Rufin da ya yi kama da siminti, ruwan toka, mai tudu da kwari, yana iya zama asbestos. Kada a fasa shi, kada a sa masa zarto, ƙurarsa tana lalata huhu. Wannan aikin ƙwararru ne.

Daɓe shi ne rabin aikin, kuma nan aka fi yin ha'inci. Mu ɗauki ɗaki mai mita 2 da mita 3. Bar tazarar kamar santimita 60 tsakaninsa da katanga ko bishiya, yadda za ka iya zagayawa da buroshin fenti. Haƙe ƙasar sama mai ciyawa da saiwoyi, zurfin santimita 15. Zuba tsakuwa santimita 10 ka daddaƙe ta sosai, ka rufe da ɗan yashi, sannan ka shimfiɗa leda mai kauri don ta tare danshi. Kewaye wurin da katako, samansa ya ɗara ƙasar lambun da aƙalla santimita 5.

Kada ka kwaɓa komai sai ka auna kusurwa zuwa kusurwa. A wannan girman, duka awo biyun su ba ka mita 3 da santimita 61, ko kusa da haka ƙwarai. In ɗaya ya fi ɗaya, katakon da ka kewaye wurin da shi ya karkace, kuma karkatar za ta bi ka har rufi, kwano ya ƙi zama a layi. Daidaiton sama kuma, in babu ma'auni, siririn tiyo da ake ganin cikinsa ya wadatar: cika shi da ruwa, inda ruwan ya tsaya a baki biyun tsayi ɗaya ne.

Haɗin kankare: bokiti 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Daɓe mai kaurin santimita 10 a wannan faɗin zai ci kamar buhu 4 na siminti mai kilo 50. Ruwa kaɗan-kaɗan. Kwaɓi mai ruwa-ruwa ya fi daɗin zubawa, shi ya sa ake son sa, amma shi ne yake tsagewa ya yi gari daga baya. Zuba, caccaka da sanda iska ta fita, ja miƙaƙƙen katako a kai ka share. Rufe da leda, ka riƙa yayyafa ruwa kwana 7. Cikakken ƙarfinsa sai wajen kwana 28, amma bayan mako guda ana iya ɗora ɗakin katako.

Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi: daɓen kada ya fi ɗakin faɗi. In ya fito waje, ruwan sama zai sauka a kai ya gangaro ƙarƙashin bango ya kwanta. A yi shi daidai da firam ɗin ɗakin, katakon bango ya sauko ya ɗan rufe gefensa.

Firam kuwa, katakon tu-bai-fo (mai inci 2 da inci 4) wanda aka sa wa maganin gara, ginshiƙai a tazarar santimita 60. Duk inda zarto ya yanka, sake shafa maganin a bakin, domin ta nan ruwa yake shiga. Sa yankin leda tsakanin katakon ƙasa da siminti, ka ɗaure katakon da noti a cikin daɓen, in ba haka ba iska mai ƙarfi tana iya tura ɗakin gaba ɗaya. Ƙusa ta zama wadda ba ta tsatsa, maganin katako yana saurin cinye ƙusa gama-gari.

Rufi ya samu gangara: a faɗin mita 2, bangon gaba ya fi na baya da kamar santimita 35. Kwano ya hau kan ɗan'uwansa da tudu ɗaya da rabi ta gefe, in kuma an haɗa a tsawo, santimita 15 zuwa 20, na sama a kan na ƙasa. Ƙusa mai hula a kan tudu ake buga ta, ba a kwarin da ruwa ke bi ba, kuma kada a matse har kwanon ya lotsa. Bakin kwano ya zarce bango yadda ruwa zai zuba nesa da gindi. Bar 'yar kafa ta iska a saman bango biyu masu kallon juna, ka rufe da raga, don kada gumin kwano ya riƙa ɗiga kan kaya.

Saura ƙofa, wadda ita ce ke fara ba da ciwon kai. Sa mata hinji uku, ka bar 'yar tazara a kewaye saboda katako yana kumbura in ya sha danshi. Katakon da ake gittawa a bayanta ya tashi daga ƙasa ta gefen hinji, ya haura sama ta gefen sakata. In ka juya shi, nauyin zai rataya a kan ƙusoshi kawai, ba da jimawa ba bakin ƙofar ya fara jan ƙasa.