Kwamfuta ta tashi, allo ya ƙi kawo hoto

Yawancin kwamfutocin tebur da ake kawo mini shago wai allo ya mutu, lafiyarsu ƙalau. Waya ce, ko ramin da aka soka ta. Kafin ka biya kuɗin adaidaita sahu, gwada waɗannan a gida.

Dubi monita tukuna. In fitilarta na ci, ta kuma rubuta No Signal, tana da rai, hoton ne bai iso ta ba. Danna maɓallin Source ka zaɓi irin wayar da ka jona, HDMI ko VGA ko DisplayPort, sannan ka zare ta kai biyun ka mayar sosai.

In VGA ce, mai shuɗin kai, haska tocila cikin bakinta. Allurai ne a jere layi uku, kuma guda ɗaya ta lanƙwashe sai ka ga hoto ya rine, ya koma ɗorawa ko shuɗi-shuɗi. Ni da bakin tsinken biro nake miƙe ta, a hankali, don in ta karye sai sabuwar waya. Ɗaure kusoshin nan biyu na gefe ma, ba ado ba ne.

Wanda ya fi ba ni haushi: kwamfuta mai katin hoto daban (graphics card, na'urar da ke fitar da hoto zuwa monita), amma an jona waya a ramukan sama na bayan akwatin. Jona ta ƙasa, a jikin katin.

Laftop da majigi kuwa, danna maɓallin Windows da na P tare, ka zaɓi Duplicate. Na'urar da ke juya HDMI zuwa VGA hanya ɗaya take aiki, ba ta komawa baya, kuma VGA ba ta ɗaukar sauti.

Har yanzu duhu? Danna Caps Lock. In fitilarsa ba ta motsa ba, matsalar na ciki. Kashe, zare wayar wuta, buɗe akwatin kwamfutar, ciro RAM (siririn katin ƙwaƙwalwarta), goge zinaren bakinta da abin goge fensir, ka mayar har ka ji ƙas. Ƙurar hunturu na yawan jawo wannan.

Kibod da maus sauƙi gare su: canza rami, ramukan baya sun fi na gaba aminci. Mara waya, duba batir. Tsofaffi masu zagayayyen kai, shunayya na kibod, kore na maus, sai an kashe kwamfuta an jona su sannan a kunna.