Kurakuran da aka fi yi wajen sayen monita da amfani da ita

Yawancin mutanenmu in za su sayi monita tambayarsu ɗaya ce, inci nawa ce? Ana ce musu 27 ko 32 shikenan rai ya biya sai ciniki. To ai inci girman gilashin kawai yake nuna maka, shi ma daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi ba faɗi ba. Abin da ke sa hoto ya fito tas shi ne yawan ɗigon da ke cikin sikirin ɗin, wato fiksil. Monita mai inci 24 da mai inci 27 duk za su iya zama 1920 x 1080, wato ɗigo 1920 a faɗi da 1080 a tsaye, abin da ake kira rezolushan, yawan ɗigon ɗaya ne a cikinsu, a babbar dai an baza su ne, shi ya sa za ka ga mutum ya kai ƙatuwar monita gida ya zauna dab da ita yana ta mita wai rubutu ya yi dishi-dishi. In 1080 ce ka tsaya a inci 22 zuwa 24, in kana son 27 ka nemi 2560 x 1440. Masu 1366 x 768 ɗin nan kuwa da suka cika kasuwa gaskiya ban ba ka shawara ba sai in kuɗin ne ya gaza, wurin aiki kaɗan ne a cikinsu, ko Excel ka buɗe za ka ji a matse kake.

Sai maganar LED da LCD, wannan ta daɗe tana ci min rai. Za a ce maka wannan LED ce waccan LCD ce ka ƙaro kuɗi, alhali duk LCD ne, bambancin fitilar da ke haska su ta baya ne kawai, tsofaffin suna da siririyar fitila irin ta fulorasan, na baya-bayan nan kuma ƙananan ƙwayayen LED. Abin da ya kamata ka tambaya shi ne wane irin fanel ne, wato ainihin farantin sikirin da ke nuna hoton. TN ta fi araha kuma tana da sauri amma da ka ɗan karkata kai ko ka miƙe tsaye kala ta canza. IPS kalarta na nan daram ta kowane gefe, duk mai gyaran hoto ko zanen katin biki da fosta ita ya kamata ya nema, in ba haka ba zai haɗa ja mai kyau a sikirin a bugo masa wani abu daban mai aiki ya ƙi karɓa. VA kuma baƙinta ya fi zurfi, tana daɗin kallon fim da dare. OLED ce daban, kowane ɗigo shi ke haska kansa babu fitilar baya, sai dai tsada, kuma in abu ɗaya ya daɗe a wuri guda yana iya barin tabo.

Wayar jona monita da kwamfuta ma ana yin sakaci da ita sosai. Mutum ya sayi monita mai kyau sai ya jona ta da shuɗiyar wayar nan ta VGA mai allura 15, fasahar da IBM ta fito da ita tun 1987, ga ramin HDMI nan a bayan monitar babu komai a ciki. In akwai HDMI ko DisplayPort ka yi amfani da su, hoton ya fi tsafta. Kuma ka duba kwamfutarka kafin ka tafi kasuwa, tsohuwar laftof mai HDMI 1.4 in ka haɗa ta da monita mai 4K, wato 3840 x 2160, sau 30 kawai za ta riƙa sabunta hoto a daƙiƙa, linzami ya riƙa jan ƙafa ka ɗauka monitar ce ta lalace. Haka ramin USB-C, ba kowanne ne ke fitar da hoto ba, wani caji da tura fayil kawai yake yi.

Masu buga gem kuma, ka biya kuɗin 144Hz, wato monita mai sabunta hoto sau 144 a daƙiƙa, amma sau da yawa Windows a 60 take barinta sai ka shiga saitin sikirin da kanka ka ɗaga. Akwai wanda zai shekara yana yabon santsinta alhali bai taɓa kunna abin da ya saya ba. Can wurin dai ka duba rezolushan ɗin ma, ka bar shi a kan ainihin na monitar, in rubutu ya yi maka ƙanana girman rubutun za ka ƙara zuwa 125% ko 150%, kar ka sauke rezolushan.

In ta hannu za ka saya, wato tokumbo, kada kunya ta hana ka gwadawa. Ka sa a jona ta a gabanka, ka cika sikirin da fari, sannan baƙi, sai ja da kore da shuɗi ɗaya bayan ɗaya, ka matso ka duba ko akwai ɗigon da ya mutu ko layi a tsaye ko haske na tsiyaya ta gefe. Ka bar ta a kunne kamar minti goma sha biyar domin wata sai ta ɗau zafi take fara ƙiftawa. Ka karanta takardar da ke manne a bayanta, in ta ce 100 zuwa 240V lafiya lau da wutarmu. Mai amfani da adafta kuma ka tabbata lambar bol ɗin, wato ƙarfin wutar da ake rubutawa da V, ta zo daidai, da yawa na LG 19V ne, wasu na Samsung 14V, kar a haɗa ka da kowace caja don dai bakinta ya shiga.

Wutar NEPA da ta janareta kuwa kowa ya san halinsu, allon wutar monita ne ke fara tafiya. Sitabilaiza ko ƙaramin UPS ya fi gyara sauƙi nesa ba kusa ba, in an ɗauke wuta kuma ka zare soket kafin a dawo da ita.

Lokacin hunturu ƙura ta lulluɓe sikirin sai ka ga an ɗauki gefen riga ko tishu an goge da ƙarfi, wasu har da fesa ruwan goge gilashin taga. Ƙurar nan tana da yashi, karce fuskar take yi, ruwan kuma yana gangarawa ƙasa ya shiga cikin fanel. Ka kashe ta tukuna, ka kaɗe ƙurar a hankali, ka ɗan jiƙa tsumma mai laushi irin na goge tabarau da ruwa zalla ka shafa ba tare da dannawa ba.

Sannan don Allah a rage haske, barin shi a 100 cikin ɗaki mai duhu na daga cikin abin da ke kawo zafin ido da ciwon kai. Ka ajiye ta nisan tsawon hannunka, saman sikirin ya yi daidai da idonka ko ƙasa kaɗan, in ta yi gajarta ka ɗora ta a kan littattafai biyu uku, kuma kada taga ta kasance a bayanka tana haska gilashin.