Yadda za ka gina shafin intanet da su Baba za su iya amfani da shi

Kwanaki na zauna da Baba a zaure a gidanmu na Jekadafari muna cike wani fom na tantance ƴan fansho a waya, ni nake latsawa shi yana karanto min lambobi daga tsohuwar takardarsa, kafin ya gyara tabarau ya lalubo NIN ɗinsa shafin ya ce lokaci ya ƙare, duk abin da muka rubuta ya goge. Sau uku fa. Baba bai ce komai ba, ninke takardar kawai ya yi ya mayar aljihu. Wallahi abin ya tsaya min a rai, don ni ma sana'ata kenan gina shafuka.

To ɗan uwa, fara da rubutu. Kada ya gaza fiksel 16 (fiksel shi ne ma'aunin girman abu a fuskar waya), kuma kada ka kulle shafin, bar mutum ya buɗa shi da yatsu biyu ya ninka girmansa ba tare da layuka sun hau kan juna ba. Daga shekara 40 ido ya fara gajiya da karatun kusa, balle wanda yanar ido ta fara kamawa. Rubutu ruwan toka a kan fari da muke gani gaye ne, su ba sa ganinsa sam. Ƙa'idojin WCAG, wato ƙa'idojin duniya na sauƙaƙa wa kowa amfani da shafuka, sun ce bambancin hasken rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1, amma ni nawa gwajin mai sauƙi ne, in ɗauki ƙaramar Itel in fita tsakar gida da azahar. Idan ranar Gombe ta cinye rubutun to sai a sake launi.

Botin, wato maɓallin da ake latsawa, ya zama babba, kamar fiksel 44, da rata tsakaninsa da na kusa saboda hannu mai rawa. A rubuta masa suna ƙarara, "Tura", "Koma baya". Layukan nan uku da ke can kusurwa, waɗanda ake latsawa a ga sauran sassan shafin, babu dattijon da ya san ƙofa ce.

Inda muka fi yin sakaci shi ne mai kula da tsohon. A nan wajenmu yawanci ba dattijon ke riƙe da wayar ba, ɗiyarsa ce ko jika ko suruka, tana cikewa da hannu ɗaya ga magani ga girki a kan wuta. Saboda haka sa wurin da za ta zaɓi "ina cike wa wani ne", a karɓi lambar wayarta daban da tasa, don sau da yawa lambar sirrin da shafin ke turowa ta tes tana shiga layin Baba ne alhali Baba yana Kumo ita tana Pantami. Duk abin da aka rubuta shafin ya riƙa ajiyewa, in sabis ya ɗauke ko aka kira ta daga ɗaki ta dawo ta ɗora daga inda ta tsaya. In dole sai an sa iyakar lokaci, a yi gargaɗi tukuna a ba da damar ƙarawa. In an gama a fito da shaida mai lamba wadda za ta tura wa ƴan uwa ta WhatsApp.

Idan an yi kuskure faɗi wanne ne da kalmomi, "NIN lamba 11 ce, 10 aka rubuta", jan layi kaɗai bai isa ba. Duba cewa salon haruffanka na nuna ƙ da ɗ da ɓ, wasu akwati suke fitarwa. Dattawa da yawa ajami suka fi ganewa a kan boko, to ɗan saƙon murya da Hausa a saman fom yana taimakawa sosai. Hotuna a rage musu nauyi don mutanen Dukku da Nafada, kowanne a rubuta masa bayani yadda TalkBack zai karanta wa wanda ba ya gani.

Kafin ka saki shafin miƙa wa Inna wayar, ka ce ta nemo lambar kiran ofis. Kame bakinka, kada ka nuna mata komai, kalli babban yatsanta kawai. Duk inda ya tsaya yana shawagi rubuta wurin a takarda, ka koma ka gyara, gobe ka sake kawo mata.