Yadda ake sama wa karen 'yan sanda da ya yi ritaya sabon gida a Zariya

Karen aiki, ko nau'in Alseshiyan ne ko nau'in Malinuwa na Beljiyam, yakan fara gazawa ne tsakanin shekara 8 zuwa 10. Ƙugu ya fara ciwo, haƙora su dakushe, gudun da ya yi da safe ya biya shi da ɗingishi da yamma. Amma ba gobe zai mutu ba, sau da yawa yana da sauran shekara biyu zuwa huɗu a gaba, kuma a cikinsu sai ya ci, sai ya sha magani. A Amurka tun shekarar 2000 suka yi dokar da ta ba da damar a bai wa mutane karnukan soja da suka gama aiki. A nan kuwa nauyin kan faɗa kan ɗan sandan da ya riƙe karen, wanda ɗaki ɗaya ko biyu gare shi a bariki, ga iyali, ga takardar canjin wurin aiki tana iya zuwa kowane lokaci. Idan kai ne wannan ɗan sandan, ko kai aka roƙa ka taya nema, ga yadda ake bi.

Fara da takarda. Kare dukiyar gwamnati ne, kamar mota ko dokin 'yan sanda. Kada ya fita daga keji sai da rubutacciyar shaida daga shugaban sashen karnuka cewa an sallame shi. "Oga ya ce ba komai" ba takarda ba ce, ranar da aka canja oga kai za a tambaya ina kare. Ka haɗa da katinsa na allurai, ka kuma sa mai riƙonsa ya rubuta tarihinsa a shafi ɗaya: shekarunsa, aikin da ya yi, wa ya taɓa ciza da dalili, abin da ke tayar masa da hankali.

Aikin da ya yi shi ne zai nuna maka irin gidan da za ka nema. Karen shinshina, wanda aka horar kan gano ƙwaya ko abin fashewa, yawanci mai sauƙin kai ne, musamman in Labrado ne, gidan da ke da yara manya ma zai iya zama. Karen sintiri da aka koya wa kama mutum daban ne. Shi an shafe shekaru ana yaba masa in ya bi mai gudu ya damƙe hannunsa, ritaya kuma ba ta goge wannan karatun. Yaron da ya shigo da gudu, almajirin da ya turo ƙofa da kwano, baƙon da ya ɗaga hannu cikin babbar riga, duk a idonsa aiki ne ya zo. Irin wannan ni ba na yarda a kai shi gidan da ake shige da fice, ko da mai gidan ya yi rantsuwa.

Daga nan sai likita. A Zariya ba mu da uzuri, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan a Samaru. A duba ƙugu da gwiwoyi, a duba haƙora, a ɗebi jini a ga ko akwai cutar da kaska ke sa wa, domin karnukanmu da yawa suna yawo da ita a ɓoye sai wahala ta taso da ita. A sabunta allurar haukan kare, wadda ake maimaitawa duk shekara, a ba shi maganin tsutsar ciki. Wasu kan tsallake wannan don gudun kashe kuɗi, su ce ai sabon mai shi zai yi. Ba zai yi ba. Kuma abin da likita ya gano ka faɗa wa mai karɓa ƙarara, kada ka ɓoye ɗingishi don a karɓa da wuri, wanda ya gane a wata na biyu cewa an ɓoye masa zai dawo maka da kare ko ya yar da shi.

Wajen nema, kada ka sa hotonsa a Facebook ka rubuta kyauta. Kafin magariba za ka sami mutum hamsin, kuma kusan dukkansu ba su dace ba. Akwai matasa masu son a ce suna da karen 'yan sanda a unguwa. Akwai masu kiwon karnuka don sayarwa, su barbara kawai suke so, in ya gama amfani shi ke nan. Akwai 'yan farauta, tsohon Alseshiyan mai ciwon ƙugu kuwa ba zai iya dajin rani ba. Akwai kuma dillalai, domin kasuwar karnuka ta Dawaki a ƙaramar hukumar Kanke ta jihar Filato tana ci, daga can ake lodi zuwa kudu inda ake cin namansu, kuma kare mai kilo 35 da aka samu a banza riba ce tsantsa. Ka nema ta bakin mutane: likitocin dabbobi, tsofaffin 'yan sanda da sojoji da suka zauna a Basawa ko Palladan, malaman jami'a masu gida da fili, masu gidan gona ta wajen Shika da hanyar Giwa. A cikin birni, inda gida ke manne da gida, zaure ba ya rabo da baƙi, da wuya a dace.

Maganar addini a gama ta tun farko, kada ta taso bayan kare ya iso. Hadisi ya ba da damar riƙon kare don tsaron dabbobi da gona da farauta, malamai da dama kuma sun shigar da gadin gida in akwai buƙata. Mai karɓa ya tambayi malaminsa, ya kuma tambayi matarsa. Uwargidan da ba a shawarce ta ba tana iya fitar da kare daga gida ba tare da ta ce uffan ba.

In ka sami wanda ya yi kama, je ka ga gidan da idonka. Katanga ta kai mita biyu, domin Malinuwa ko ya tsufa yana haura gajeriya. A sami inuwa ta gaske, bishiya ko rumfar da ba kwano tsirara ba, don zafin Maris da Afrilu a Zariya yana kashe kare mai gashi da yawa in ya rasa inuwa da ruwa. A sami inda zai kwanta ba kan siminti ba, katako ko tsohuwar katifa, saboda sanyin hunturu da ciwon gaɓoɓi. Sannan ka yi tambayar da ta fi duk waɗannan nauyi.

Na ji wani sajan ya yi ta a wani gida a Hanwa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wa zai riƙa ba shi abinci?" Alhajin ya ce, "Haba Sajan, ai akwai yara." Sajan ya sake cewa, "Wane ne daga cikinsu, ranka ya daɗe? Ina so in gan shi." Aka kira mai gadi, ya tsaya nesa da motar da karen ke ciki kamar taku goma, hannuwansa a baya, yana kallon karen ta gefen ido. Duk wanda ya san karnuka ya san an gama magana a nan. Alhaji yana Abuja rabin wata, wanda zai zauna da karen kuwa tsoronsa yake ji. Abin da ke biyo baya kullum iri ɗaya ne: a ɗaure shi da sarƙa a gindin mangwaro, a riƙa tura masa kwano da sanda, ba mai fita da shi, ba mai cire masa kaska. Karen da ya saba aiki kafaɗa da kafaɗa da mutum ya koma haushi dare da rana, ya rame, wata rana sarƙa ta tsinke ya ciji wani, a ce dama mugu ne.

Saboda haka mutum ɗaya ake miƙa wa kare, mai suna, wanda ke kwana a gidan, wanda shi da kansa yake so. Kuma miƙawar nan ita ce inda kusan kowa ke ɓata aikin, domin ana yin ta a yini ɗaya, a sauke kare daga mota, a sha lemo, a yi sallama. Ni a wurina mako uku ne mafi ƙaranci.

Haɗuwar farko ba a keji ake yin ta ba, ba kuma a jikin motar da ya saba hawa ba, waɗannan wurare nasa ne kuma zai kare su. A sami fili da ba kowa, da sassafe kafin rana ta yi zafi. Mai riƙonsa, mu kira shi sajan, ya riƙe igiya, a sa masa takunkumi, ba abin kunya ba ne. Sabon mutum kada ya miƙa hannu, kada ya zura masa ido, kada ya sunkuya a kansa, kada ya yi ta kiran sunansa. Ya tsaya a gefe yana hira da sajan kamar karen ba ya wurin. Sai a fara tafiya tare, sajan a tsakiya. Karen zai zo da kansa ya shinshina ƙafar wando ya koma. Wannan ya isa na ranar, a tashi.

A maimaita haka kwanaki. Ranar da ka ga ya daina sa ido kan baƙon, kunnuwa sun saki, baki a buɗe yana haki irin na hutu, sai sajan ya miƙa igiyar ana cikin tafiya, ba tare da an tsaya ba, ya ci gaba da tafiya a gefensu. In karen ya ƙame, ya rufe baki, jela ta miƙe, a mayar da igiya, gobe ma rana ce. Bayan haka sabon mutum ya fara ajiye masa kwanon abinci, sajan yana tsaye. Sai wasa da ƙwallo ko guntun tiyo, domin yawancin karnukan aiki da wannan aka biya su lada tun suna ƙanana, kuma wanda ke riƙe da ƙwallon shi ne mai daraja a idonsu.

Sai umarni. Da harshen da aka horar da shi za a ci gaba, yawanci Turanci, wasu da aka shigo da su daga waje ma da Jamusanci ko yaren Holan. Tsohon kare ba lokacin sauya masa harshe ba ne. Sabon mai shi ya ɗauki muryar sajan a waya, ya koyi kalmomin da yadda ake furta su, gajeru, sau ɗaya, ba da tsawa ba. Wanda ya fi muhimmanci shi ne umarnin saki, wato ya bar abin da ya kama. A gwada shi da ƙwallo har sai karen yana saki daga bakin sabon mutum ba tare da ya waiwayi sajan ba. In bai kai nan ba, bai isa tafiya ba, ko an yi wata biyu. Kalmar kai hari kuwa ni ban ga dalilin koya wa kowa ita ba. Samarin gida za su gwada ta kan abokinsu don dariya, ƙarshenta asibiti da ofishin 'yan sanda. Ganinsa da haushinsa kaɗai sun ishi ɓarawo.

Mako na ƙarshe a riƙa kai shi sabon gidan yana yini, sajan ya zagaya da shi cikin katanga, ya zauna kaɗan, ya fita ya dawo. Ranar kwana a taho da kwanonsa da abin shimfiɗarsa da wata tsohuwar rigar sajan da ba a wanke ba. Zai iya ƙin abinci kwana ɗaya ko biyu, yana zaune yana kallon ƙofa. In ya wuce haka, ko ya ƙi ruwa, a kira likita. Sajan kuma ya daure ya yi makonni bai leƙo ba, zuwansa kullum yana mayar da aiki baya. Kada a sa ranar tarewa kusa da sallah, lokacin da gida ke cike da baƙi, ga ƙarar bindigogin hawa, ga warin nama ko'ina.

Abinci a sauya shi a hankali cikin kwana 7 zuwa 10, ana cakuɗa tsohon da sabon. Babban kare yana cin kusan giram 400 zuwa 500 na busasshen abincin kanti a rana, wato buhu mai kilo 15 wata ɗaya ne da 'yan kwanaki. Mai karɓa ya je ya tambayi kuɗin buhun kafin ya ce ya yarda, da yawa a nan suke janyewa, gara su janye yanzu. Akwai hanyar sauƙi: shinkafa ko tuwo da dafaffen kayan ciki daga mahauta, da ƙwai lokaci lokaci. Ƙanzo da ruwan miya kaɗai ba abinci ba ne, miyarmu ma cike take da albasa, ita kuwa tana lalata wa kare jini. Kada a ba shi dafaffen ƙashin kaza. A raba abincin biyu, safe da yamma, kuma kada ya yi gudu da ya gama ci, karnuka masu zurfin ƙirji cikinsu na iya murɗewa, abin da ke kashewa cikin sa'o'i. In ƙugu ya motsa kada a ba shi maganin ciwon jiki na mutane daga kemis, irin su ibuprofen da diclofenac suna huda masa ciki su taɓa ƙoda.

A rubuta yarjejeniya gajeriya, kowa ya sa hannu da shaida ɗaya: ba sayarwa, ba bayarwa ga wani, in an gaza a dawo da shi. A gaya wa maƙwabta da mai unguwa, a rubuta gargaɗi a ƙofa. In tsautsayi ya sa ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti da katin allurarsa a hannu. Ka koma ka duba shi bayan wata ɗaya ba tare da ka sanar ba, ka shafa haƙarƙarinsa, ka buɗe kunnuwa da tsakanin yatsu ka ga ko akwai kaska, ka kuma leƙa kwanon ruwa. A yarjejeniyar a ƙara layi ɗaya, cewa ranar da ya kasa tashi likitan dabbobi ne zai yanke abin da za a yi, kuma a kira sajan kafin a yi.